Gidan da Ake Tashi Ƙarfe Biyar

Tun da aka cire wa Inna yanar ido babu abin da ya ƙara tsira a gidana. Kafin a yi mata aikin, komai na Amurka burge ta yake yi, don dishi-dishi take ganinsa. Ranar da aka kwance mata bandeji kuwa, ta ga ƙurar da ke saman firij, ta ga furfurar da ta fara leƙowa a gemuna, ta ga labulen falonmu bai kai ƙasa ba. Matata ta ja ni kicin ta ce da ni a hankali, "Likitan nan dai ya wuce gona da iri."

A Greenbelt, kusa da Washington, muke zaune a lokacin, hawa na uku na wani gidan haya mai ciyawa a gabansa, ni da matata da 'yan matanmu biyu, irin yaran nan da za ka yi wa Hausa su mayar maka da Turanci. Aikina harhaɗa magunguna. Idon ne ya kawo Inna, likita kuma ya ce ta ɗan zauna tukuna kafin ta hau jirgi. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan muna shiri ni ne "baban 'yan matan nan". Idan na yi laifi ni ne "kai wannan". A zaman da ta yi da mu, na fi amsa na biyun.

Laifin nawa guda ɗaya ne, kuma babba ne: na hana a rushe gidanmu na gado.

Kakan mahaifina ne ya gina shi a garinmu, can ƙasar Kano. Ginin ƙasa ne, katangarsa mai kauri, da zaure mai rufin ɗaurin guga wanda in ka yi tari a cikinsa sai ya amsa maka, da soraye masu azara, da wata ƙofa mai zane da ta girmi duk wani mai rai a unguwar. Tun rasuwar mahaifinmu Inna ce a ciki, ita da ƙanena da iyalinsa. Abin da Inna take so a bayyane yake: bulo, kwano, silin, tayil, da banɗaki a cikin ɗaki. Ƙanena har ya buga bulon ya jibge a ƙofar gida, ciyawa ta fara tsiro a tsakaninsa. Amma a gidanmu ba a sa diga a jikin bango sai babba ya ce a sa, babban kuwa ni ne, kuma na ƙi.

Ina son gidan nan har cikin raina. Hoton zauren yana manne a wurin aikina, duk wanda ya tsaya ya yaba sai in ji kaina ya yi girma. Duk ƙarshen shekara ina zuwa hutu, in zaga da kyamara, in shafa bango, in shaƙi ƙamshin ƙasa. Na sha yi wa Inna bayanin cewa wannan tarihi ne, irinsa ƙarewa yake yi. Amsarta ba ta canzawa: "Tarihi ba ya tare ruwa."

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin wani wuri a kwarin Shenandoah, yamma da Washington, inda aka adana ƙauyen Turawan farko da suka sari dajin suka zauna. Ya ce ɗakunansu na gungumen itace suna nan yadda suke, sun haura shekara ɗari biyu, mutane na tururuwa suna kallo. Nan take dabara ta faɗo min. In Inna ta ga da sabon idonta cewa Amurka ma, mai gidaje masu taɓo sama, tana lallaɓa tsofaffin ɗakuna, ai magana ta ƙare. Da na gaya wa matata, sai ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya ce zai yi wa kura aski. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a. Ni dai zan bi ku, don ba na son a ba ni labari."

Inna ba ta yi gardamar tafiyar ba, don da ma tana da ƙorafi. Mun kai ta Landover sayen garin tuwo da busasshen kifi, mun kai ta Springfield walimar suna, ko'ina kwalta da fitilu. Kullum sai ta ce, "Wai ƙasa ba ƙauye? Ina kuke ɓoye talakawanku?" Da ta ji kalmar ƙauye a bakina sai ta miƙe ta shiga shiri. Ta sa aka soya kaji, aka turara dambun shinkafa aka cika kula. A jakarta ta saka falle guda na atamfa sabuwa, da sabulu, da ƙaramar kwalbar turare. Na ce, "Inna, kallo fa za mu je, ba gaisuwa ba." Ta ce ita ba a haife ta a gidan da ake shiga gari hannu rabbana ba, kuma mutum bai san wanda zai tarar ba.

Ranar Asabar muka bar yaran a gidan maƙwabta, muka kama hanya. Lokacin kaka ne, ganyen itatuwa ya yi ja da ruwan ɗorawa. Da muka kuɓuta daga cunkoson Beltway, babban titin da ya zagaye Washington, muka miƙi hanyar yamma, gidaje suka fara ja da baya, duwatsu masu shuɗi-shuɗi suka taso a gabanmu. Inna ta manna fuska a gilashi. Ta ga shanu baƙaƙe sun bazu a fili, ta duba gabas ta duba yamma ba ta ga mai sanda ba. "Shanu ba makiyayi? Lallai ɓarayin ƙasar nan ragwaye ne."

A ƙofar shiga na sayi tikiti. Inna ta tambayi dalilin da za a biya kafin a shiga gari, sai na zaunar da magana sosai, don kada a ce ban faɗa ba. Na ce, "Inna, wurin nan gidan tarihi ne. Mutanen da za ki gani a ciki ma'aikata ne, sun sa kayan mutanen da ne kawai, suna kwaikwayon yadda ake rayuwa a zamanin." Ta gyaɗa kai. Na san wannan gyaɗa kan tun ina yaro, ma'anarsa na ji amma ban ɗauka ba.

Wurin yana da kyau, ba ƙarya. Kwari ne shimfiɗaɗɗe tsakanin duwatsu biyu, rafi ya ratsa ta tsakiya. Ga shingen itace a karkace, ga gonar masara da kabewa, ga rumbu, ga wani ginin dutse inda ruwa ke juya dutsen niƙa. Na riƙa karanta allunan ina fassara mata: yadda mutanen suka taho daga arewa da keken shanu, da gatari da tukunya da iri, suka sare itatuwa, suka jera gungume kan gungume, suka toshe tsakani da laka. Ta ce, "Da suka zo ba su tarar da kowa ba?" Na ce sun tarar. Ta ce, "Suna ina?" Na ce, "Inna, mu ƙarasa, rana tana yi." Ta ce, "Uhm."

A gaban ɗakin da ya fi kowanne tsufa na tsaya, na gyara murya. Wannan ne wurin da na tanadi jawabina tun daga Greenbelt. Na fara, "Inna, ki dubi ɗakin nan. Bai kai rabin zaurenmu ba, amma kin ga yadda suka riƙe shi..."

Ba ni take saurare ba. Hayaƙin da ke fita ta saman ɗakin take kallo. Ta ce, "Da mutane a ciki." Kafin in yi wani motsi ta tuɓe takalmanta ta jera su a bakin ƙofa, ta gyara mayafi, ta ɗaga murya: "Salamu alaikum, masu gida!" Ta tsaya tana jiran amsa. 'Yan kallo suna ta ratsa ta gefenta suna faɗawa ciki da takalmansu, ita kuwa tana bin su da harara ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta sake sallama, wata murya daga ciki ta ce a shigo, sannan ta sa ƙafa.

Ɗaki ɗaya ne, duhu-duhu, da 'yar taga kamar ta kurkuku. Gado a lungu, tsani ya hau zuwa wani ɗan bene, an ja igiya ta raba 'yan kallo da sauran ɗakin. A bayan igiyar wata Baturiya ce da za ta yi shekara hamsin, cikin dogon siket mai kauri da farar hula, ƙafarta ba takalmi, ta durƙusa gaban murhu tana hura wuta. Hayaƙi ya mayar da idonta jajur.

Inna ta dafe ƙirji. Ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah." Sannan ta shiga gaisuwa tiryan-tiryan, sannu da aiki, ina gajiya, ina maigidan, ta juyo ta ce in fassara.

A nan ne ƙasa ta fara zame min. Ashe dokar wurin ita ce ma'aikaci ba ya fita daga rawar da aka ba shi, ko me za a tambaye shi, a bakin mutanen wancan zamanin zai amsa. Matar ta share hannu a jikin siket, ta ce maigidan ya tsallaka dutse da fatu zai sayo gishiri, ya kwana biyu da tafiya, har yanzu shiru. Na fassara, don ba ni da yadda zan yi. Inna ta tafa hannu. "Maza ke nan! Ko'ina halinsu ɗaya."

Sai kawai na ga ta ɗage zani ta tsallake igiyar.

Na ce, "Inna, ba a tsallake igiyar nan!"

Ta ce, "Igiya ta akuya ce."

Ta durƙusa kusa da matar, ta zare itace biyu daga murhun ta jefar gefe, wai ɗanyu ne, ta gyara sauran, ta busa sau ɗaya, wuta ta kama bal-bal. Ta leƙa tukunya ta girgiza kai. Ta karɓe wani dogon bututun katako da matar ke kaɗa madara a ciki, ta juya shi ta gane kansa, ta hau kaɗawa. Ita kuma Baturiyar, maimakon ta kira masu gadi, sai murna ta kama ta, ta matsa mata kujera.

Na sunkuya na ce, "Inna, na gaya miki wasan kwaikwayo ne fa."

"Wasan kwaikwayo? Kai wannan, dubi idonta. Dubi fason ƙafarta. Wa ya taɓa kwaikwayon faso? Kunya kake ji na gano asirin ƙasarku, shi ya sa kuka ɓoye su a bayan dutse kuna karɓar kuɗin kallo. Talauci ba abin kunya ba ne."

Na waiwaya neman taimako wurin matata. Ta jingina da bango, ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Ana haka wani ƙaton Bature mai gajeren wando da kyamara a wuya ya zagaya ƙarshen igiyar, ya nufi gadon zai ɗauki hoton bargon da ke kai. Ban san Inna tana da sauran wannan zafin naman ba. Ta zabura da ludayin katako a hannu ta tare shi. "Kai! Ba shiga! Ɗakin matar aure, mijinta ba ya gari, ka doshi gadonta da cinyoyi a waje?" Ta haɗa masa da duk Turancin da ta mallaka, wato "No, no, no." Mutumin ya ja da baya yana ba da haƙuri, sauran 'yan kallo suka sa tafi. Wata tsohuwa ta matso ta tambaye ni ƙarfe nawa za a sake yin wannan ɓangaren, tana so ta kirawo mijinta. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da Inna ta kore maza ta dawo kujerarta, sai ta ci gaba da hira. Ta ce in tambayi matar yara fa. Matar ta ce shida ta haifa. Biyu zazzaɓi ya ɗauke su a sanyin farko da suka yi a kwarin, kafin a gama toshe bangon, suna kwance a gindin bishiyar da ke bayan ɗaki.

Na so in haɗiye wannan, amma Inna ta kafe ni da ido, dole na faɗa. Hannunta ya tsaya a kan abin kaɗa madarar. Sai na ga hawaye yana gangarowa daga idon nan da aka yi wa aiki. Ta ɗaga yatsu biyu ta nuna wa matar, ta nuna ƙirjinta. Ta ce, "Ni ma biyu. Ƙyanda. Da damina ne, a soron nan mai ƙofar zane, ina riƙe da ɗaya ina matsar da ɗaya daga inda yake yoyo."

Na san an yi min ƙanne biyu da ba su rayu ba, a bakin gwaggona na ji. A bakin Inna ban taɓa ji ba sai ranar, kuma ban san a wane ɗaki ba ne. Ƙofar nan mai zane ita ce na fi ɗauka a hoto. Na kasa fassarawa, matata ce ta matso ta faɗa da Turanci. Fuskar Baturiyar ta sauya. Ta buɗe baki kamar za ta ce wani abu, ta dubi 'yan kallo, ta rufe. Sai ta kama hannun Inna ta riƙe da hannu biyu.

Inna ba ta daɗewa a kuka. Ta share ido da gefen mayafi, ta zuge jaka, ta fito da atamfa da sabulu da turare ta ɗora wa matar a cinya, ta aiki matata mota ta ɗauko kula. Matar ta shiga ƙi, tana cewa ba za ta iya karɓa ba. Na ce da ita da Turanci, don girman Allah ta karɓa, in ba haka ba a nan za mu kwana. Ta karɓa.

Da za mu fita, Inna ta ɗaga kai ta ƙare wa rufin kallo, inda haske ke shigowa ta 'yan ƙofofi. Ta ce, "Gaya mata, in mijin nata ya dawo, kada ta saurara masa sai ya sa mata kwano." Na juya na ce da matar, "Ta ce gidanki yana da kyau ƙwarai." Matata, wadda na ɗauka tawa ce, ta ce, "A'a, ba haka ta ce ba," ta zayyane mata saƙon kalma bayan kalma, har da ƙarin gishiri.

Sauran yawon ban ji daɗinsa ba. Mun ga maƙera, mun ga ɗan cocinsu na katako, mun ga inda ruwa ke niƙa masara. Duk inda na fara jawabin riƙon tsohon gini, sai Inna ta katse ni da zancen matar: ko akwai mai taya ta ɗebo ruwa, ko danginta suna leƙo ta, kuma lallai ranar Juma'a in tsaya in gaya wa liman halin da take ciki.

La'asar ta yi mana a can. Muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa kusa da inda ake ajiye motoci. Muna sallamewa aka kaɗa ƙararrawa, alamar ƙarfe biyar ta yi, an tashi. 'Yan kallo suka watse. Muna naɗe darduma sai ga wata mata ta fito ta wata ƙaramar ƙofa a bayan ofis, da wandon jins, da baƙin tabarau, gashinta a yanke gajere. A hannu ɗaya tana riƙe da makullin mota, a ɗaya hannun kular Inna, atamfar kuma a saɓe a kafaɗa. Ta danna makulli, wata dirkekiyar mota ta yi ƙara ta kunna fitilu.

Na yi addu'a a zuciyata Allah ya sa idon bai kai can ba. Ina! Likitan ya riga ya gama aikinsa.

"Waccan ba kulata ba ce?"

Matar ta hango mu, ta taho da sauri tana fara'a, ta rungume Inna. Inna ta tsaya ƙiƙam kamar an dasa ta. Ta dube ta daga gashi har takalmi, sannan ta ce da ni, ba tare da ta kalle ni ba, "Tambaye ta ina take kwana."

Matar ta ce a cikin gari, tana da gida mai na'urar ɗumama ɗaki, tafiyar 'yan mintoci ce a mota.

"Mijin da ya tafi sayen gishiri fa?"

Ta yi dariya ta ce mijinta likitan haƙori ne, yanzu haka yana gida yana kallon ƙwallo. Ita malamar makaranta ce ta yi ritaya, ranar Asabar kawai take zuwa nan, don tana son tarihin kwarin.

Na san tambayar da ta rage a bakin Inna.

"Yaran fa?"

Matar ta cire tabarau. Ta ce ta yi ta jin nauyin wannan tun ɗazu, shi ya sa ta fito neman mu. Yaran ba nata ba ne, amma ba ƙirƙira ta yi ba. Na matar da ta zauna a ɗakin ne tun farko, kuma da gaske suna gindin bishiyar, duwatsun kabarinsu suna nan. Ta roƙi Inna gafara, ta miƙo atamfar da kular.

Inna ta numfasa. Ta ce, "To, ashe dai wata ta haife su. Ban yi asarar hawayena ba." Ta tura mata atamfar. "Kyauta ba ta komawa. Ki juye kajin ki kai wa mai haƙoran. Kular dai a ba ni abata."

Matar ta juye kajin ta miƙo kular, muka tsaya muna kallo har motarta ta hau titi ta ɓace. Wani ma'aikaci ya bi ɗakunan yana rufewa da kwaɗo. Hayaƙin da ke fita ta saman tsohon ɗakin ya sirance, ya ɗauke. Sai a lokacin Inna ta juyo gare ni. Ba faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

Ta ce, "Kai wannan. Ka ce sun iya riƙon tsohon gida. Gaskiyarka, sun iya. Sai da suka fitar da matar tukuna, sannan suka riƙe gidan. Wannan ma da suka aro, Asabar kawai take yi, ƙarfe biyar a kaɗa mata ƙararrawa ta tafi ta kwanta inda ba ya yoyo. Ni tun da na shiga gidan ubanka ba wanda ya kaɗa min ƙararrawa. Kai kuma ka zo da rani da kyamara a wuya, kamar ƙaton ɗazu. Gajeren wandon ne kawai ba ka sa ba."

Ta buɗe mota ta shiga baya, ta rungume kularta. Har muka dawo cikin cunkoson Beltway babu wanda ya ce uffan, in ban da matata da take ta tari irin na wanda dariya ta shaƙe.

Washegari da hantsi na kira ƙanena na ce a sa diga. Murna ta sa ya fara yi min addu'a tun kafin in rufe baki. Ni kuwa ji nake kamar na ba da izinin a yanka wani nawa. Inna ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta ce, "Ku rushe sorayen duka, ku fara da mai ƙofar zane. Amma ku bar masa zauren. Kada wanda ya taɓa shi."

Na ji daɗin wannan ƙwarai, har na je na gaya wa matata cewa ashe jawabina bai faɗi ƙasa banza ba. Ta ce, "Uhm," irin na Inna.

Da aka gama ginin, Inna ta aiko cewa bana ba ta yarda da zuwan ƙarshen shekara ba, a watan Agusta take son ganina. Na sauka ana tsakiyar damina. Na tarar da gida fes, kwano yana sheƙi, Inna zaune a kan tayil ƙarƙashin fanka, ta miƙe ƙafa, fuskarta ta cika ta yi haske kamar an rage mata shekara goma. Ban taɓa ganinta cikin hutu irin wannan ba, kuma na yi farin ciki ƙwarai. Zauren yana nan a gaba shi kaɗai, da ɗaurin gugansa, kamar tsohon da jikoki suka kewaye. Da na nemi a kai jakata ɗakin baƙi, sai ƙanena ya sosa ƙeya ya ce Inna ta riga ta sa an yi min shimfiɗa a wani wuri.

A zaure aka yi min ita. Katifa sabuwa, gidan sauro, da robobi uku a jere a gefe, waɗanda ban gane amfaninsu ba sai da hadari ya haɗo.

Da gari ya waye ina zaune a kan jakata a lungun da ya rage busasshe, na lulluɓa da darduma, sai ga matar ƙanena da koko da ƙosai. Ta ajiye, ta durƙusa ta gaishe ni, tana ta kallon ƙasa don kada mu haɗa ido.

Ta ce, "Yaya, Inna tana gaishe ka da kwanan tarihi. Wai in ka gaji ka daure, ƙarfe biyar ake tashi."